An Fita da Kawu ta Bayan Gida

Mai abu Ya karɓi abinSa. Kawu ya tafi inda dukanmu muka dosa, wannan ba ni da ja a kai. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne abin da kunnena ya kwasa daga bakin masu ta'aziyya, don na lura in ba a samu wanda ya buɗe baki ba, nan da ɗan lokaci ƙaryarsu ce za ta zama tarihinsa.

Shagon ɗinkina a jikin gidan Kawu yake, ƙofarsa tana kallon titi. A kwanakin zaman makoki nan aka mayar wurin ajiye ruwa da abincin sadaka, ni aka bar wa tsaronsa, saboda haka duk wanda ya zo gaisuwa sai da ya gifta ta gabana. Na ga wani mai sayar da kayan gini ya sauko daga motarsa yana share ido da bakin riga, yana cewa yau Zango ta yi rashin uba. Motar kuwa a tsakiyar hanyar keke ya dasa ta, a kan jan fentin nan da kowa ya san ba wurin mota ba ne. Na ga asambuliman ɗinmu, wakilin unguwa a majalisar birni, yana bugun ƙirji wai shi da marigayi suka sha rana a kan gyaran titin nan. Mutumin da in ya hango hular Kawu daga nesa sai ya faɗo shagona ya ce a gwada masa wuyan riga. Akwai wata maƙwabciyarmu da ba ta da sunan da take kiran Kawu da shi sai tsohon nan mai ƙararrawa, ita ta fi kowa ɗaga murya, har sai da aka rirriƙe ta. Wani malami kuma ya gyara zaman rawani ya shaida wa jama'a cewa marigayi bai taɓa sa-in-sa da kowa ba.

A nan ne na kusa yin dariya a gidan mutuwa, Allah na tuba. Kawu bai taɓa sa-in-sa da kowa ba? To da wa ne bai yi ba? Tun daga bakin Zango har gangaren Adum babu direba, babu mai teburi, babu mai shago da bai taɓa jin haushinsa ba. In za ku yabi mamaci ku yabe shi da halinsa, ku daina ɗinka masa rigar wani.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ne babba a ɗakinsu. Mahaifinsu daga Tawa ta ƙasar Nijar ya zo, amma shi a nan Kumasi aka yanke masa cibiya, yana jin Tonanci, yaren mutanen gari, kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi. Yadi yake sayarwa a Adum tun kafin a haife ni. Tun da na buɗe ido kuma a kan keke na san shi, wani baƙin keke mai kariya a baya, wanda yake gogewa kowace safiya kafin ya sha koko. Zai naɗe babbar rigarsa ya cusa a tsakanin cinyoyi, ya ɗaure ƙafar wando da roba, ya yi bisimilla ya hau. Ba rashi ne ya hana shi mota ba, kowa ya san haka. In aka dame shi da maganar, amsarsa ɗaya ce: ina ne zai je da bai isa ba? Yakan ce mota baƙuwa ce a titin nan, ƙafa ce 'yar gida. Ba shi da fara'a sosai, ba ya son a maimaita masa magana, kuma in ya ce ɗinkinki ya karkace, to sai kin warware, ko da mai kayan na tsaye tana jira.

Wanda bai san titinmu a da ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Gota ce, wato kwata, a buɗe hagu da dama, baƙin ruwa na kwance a ciki. Tsakani kuma tirotiro ne, ƙananan bas-bas na haya, da tasi da pragya, 'yan babura masu ƙafa uku ɗin nan da ba su san birki ba. Abin da ya rage wa mai tafiya da ƙafa shi ne ɗan bakin gotar, shi ma masu tebura sun cinye rabinsa. Haka muka tashi muna tafiya a karkace, kafaɗa ɗaya a gaba, kana sauraron hon ta bayanka. Mun saba har muna ganin haka Allah Ya yi titi.

A bakin gotar nan Mma ta gamu da nata. Mma matar Kawu ce, ita ta goye ni lokacin da mahaifiyata ke ciwo. Tana dawowa daga kasuwa da kwano a ka, wani tirotiro ya yanko gefe don ya ɗauki fasinja, madubinsa ya make ta, ta faɗa gota, ƙugu ya karye. Aka yi asibiti, aka yi ɗori, ƙafa ba ta sake ɗaukarta ba. Kawu ya samo mata keken guragu, amma ina za a tura shi? Daga ƙofar gida sai gota, daga gota sai mota. Ita kuma tsoro ya shige ta, ko hon ta ji daga ɗaki sai jikinta ya ɗauki ɓari. Ta rantse ba za ta sake sauka kan kwaltar da mota ke bi ba sai dai a ɗauki gawarta. Mace mai son mutane, mai zuwa suna da biki har Buokrom da Moshi Zango a ƙafa, ta koma ba ta ganin komai sai igiyar shanya da bangon tsakar gida. Shekaru ta yi a haka.

Ba zan yi wa Kawu ƙaryar da masu ta'aziyya suka yi masa ba. Ba shi ya gyara titin ba. Hukumar birni ce ta tashi da kanta ta ce za ta rage faɗin hanyar mota, ta rufe gota, ta yi wa masu ƙafa da masu keke wurinsu. Abin da Kawu ya yi shi ne bai taɓa fashin taron da aka kira a kan maganar ba, kuma shi kaɗai ne a cikin masu furfura ya ce yana so. Sauran duk suka tayar da jijiyar wuya. Jagoransu kuwa ba wani ba ne, ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, wanda mutane ke kira Alhaji, mu kuma muke kira Kawu Ƙarami. Shi mai motoci ne, mai shagon taya, mutum ne da ba ya zuwa masallacin da ke bayan gidansa sai a mota. A taron ya miƙe ya ce ina masu ciniki za su ajiye motocinsu, ya ce keke abin mutanen ƙauye ne, nan Kumasi ce ba Tamale ba. Aka yi masa tafi, har da waɗanda ko tayar keke ba su mallaka ba. Da aka zo kan Kawu bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi dai yana so matarsa ta ga titi kafin ta mutu, ya zauna.

Aka yi aikin, da ƙura da jinkiri da tsinuwar masu shaguna. Aka rufe gota da falankin siminti, aka shimfiɗa bulo wa masu tafiya, aka ja jan fenti wa masu keke, aka kakkafa gajerun turakun ƙarfe tsakaninsu da motoci. Ranar da aka kwashe shingen ma'aikata, bayan la'asar, ina kan keken ɗinki na ji ƙararrawa daga cikin zaure. Na leƙa, sai ga Kawu yana turo Mma. Ashe ya sayo wata ƙararrawar keke ya ɗaura a mariƙin kujerarta ta baya, daidai inda babban yatsansa yake. Mma ta ja mayafi ta rufe fuska. Bai lallashe ta ba, Kawu bai iya lallashi ba. Cewa kawai ya yi ta buɗe ido, ba kwalta ba ce, bulo ne. Suka wuce shagona, suka wuce mai gyaran rediyo, ina biye da su da ido. Wajen masallaci na ga mayafin ya sauka. Da suka dawo bakinta bai rufu ba: wai ashe an rushe gidan mai burodi, ashe 'yar wance har ta yi goyo, ashe itacen mangwaron nan yana nan. Na shiga bayan labule na yi kukana.

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Kowace la'asar, sai dai in ruwa ake yi, Kawu zai tura Mma har kwanar da titi ke gangarawa Adum, su ɗan tsaya ta kalli mutane, su juyo. Daga ranar kuma ya zama ƙaya a wuyan unguwa, don mutanenmu ba su ga hanyar ƙafa ba, fili suka gani wanda Allah Ya kawo. Wannan ya turo teburi, wancan ya jingina babur, wani ya baza takalman gwanjo. Kawu kuwa yana da hali ɗaya: ba ya zagayawa. Ko a kan kekensa yake ko Mma yake turawa, in ya tarar da abu a hanya sai ya tsaya ya fara kaɗa ƙararrawa. Ba zagi, ba ɗaga murya, ko kallon mai abin ba ya yi. Ƙirrin, ƙirrin, ƙirrin, har sai mutane sun fara taruwa, har sai kunya ta ishi mai kayan ya janye. Na taɓa ganin wani direban tasi ya fito yana kumfar baki da Tonanci da Turanci, Kawu ya bar shi ya gama, ya ci gaba da kaɗawa. Direban ya ja motarsa.

Akwai mai kokon da ta daɗe a bakin gotar, wata dattijuwa daga Moshi Zango. Aikin titi ya tashe ta, ta rasa wurin kafa tukunya, ta ɗora laifin duka a kan Kawu. Ta zo har ƙofar gida ta wanke shi tas, ta ce shi da kekensa Allah Ya isa. Washegari ya sa aka fitar da bencin da yake zama a kai a bakin zaure, wurin da ya fi so a duniya, ya aika aka ce mata ta kawo tukunyarta nan. Ta zo tana ƙunƙuni, ba ta gode ba, shi ma bai nema ba. Kullum zai sha kokonta ya ce citta ta yi yawa, ita kuma ta ce bakinsa ne ya tsufa. A duk masu ta'aziyya ita kaɗai ce ban ji ta yabe shi ba. Ta zauna a gefen tukunyarta da ba ta ɗora ba, ta yi tagumi, har rana ta faɗi.

Sai maganar kanopi. Mu a Zango, ko farin ciki ko baƙin ciki, titi muke tarewa. A yi hayar rumfunan tamfol masu ƙafar ƙarfe, a jera kujerun roba, mota ta nemi wata hanya. Kuma da yawan kanopi ake auna mutum. In an tashi daga biki ba a tambayar ko amarya ta yi kyau, tambaya ake nawa aka kafa. Da aka rage faɗin hanyar mota, hukuma ta hana tare ta, sai idon kowa ya koma kan bulo da jan fenti. Kawu Ƙarami ne ya fara, a bikin 'yarsa. Kawu ya same shi tun ana shiri ya ce a kai taron filin makaranta, ga shi nan kusa. Kawu Ƙarami ya ce filin makaranta na marasa gata ne.

Ranar biki, bayan la'asar, lasifika na tashi kamar za ta tsaga bango, dangin ango sun cika kujerun gaba, sai ga Kawu ya turo Mma har bakin rumfa ya tsaya. Ya fara kaɗawa. Da farko kiɗa ya danne shi. Sannu a hankali na bakin layi suka juyo, na kusa da su suka juyo, har mai lasifika ya kashe abinsa don ya ji me ake kallo. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙirrin, ƙirrin. Surukan da kansu suka miƙe suka ɗaga kujerunsu. Kawu ya tura Mma ta tsakiyar taro, ita kuma ta ɗaga hannu ta yi wa amarya addu'ar zaman lafiya, suka wuce. Da suka juyo daga kwanar titi sai da aka sake tashi.

Kawu Ƙarami bai yafe ba. Da yamma ya shigo gida yana haki, ya ce Yaya ya tozarta shi a gaban surukai, ya ce wuni ɗaya tak, don Allah wuni ɗaya wa zai kashe? Ina tsaye a wurin, Mma na wurin, mahaifiyata na wurin. Kawu ya ce duk mai tare hanya yana da dalili mai kyau, in aka bar wa biki za a bar wa suna, in aka bar wa suna za a bar wa mai teburi, daga nan Mma ta koma ɗaki. Sannan ya dube shi ya ce:

"Ran da na mutu ma kada ka kafa mini. Ka ji da kunnenka."

Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Ciwon Kawu bai daɗe ba. Da hantsi ya cika, Mma na riƙe da hannunsa. Wallahi ba a gama haɗa ruwan wanka ba na ji ƙugin babbar mota a waje. Na fito na tarar ana sauke ƙarafa. Kawu Ƙarami na tsaye da waya a kunne yana nuni da hannu, a sa nan, a ƙara can. Motar ba ta samu shiga ba saboda turakun ƙarfen nan, sai ya sa aka kawo diga aka tumɓuke na gaban gidan. Sauran turakun kuma suka yi musu amfani, a jikinsu aka ɗaɗɗaure igiyoyin tamfol.

Na je na durƙusa, don duk abin da yake kawuna ne. Na ce Kawu, ka tuna abin da ya faɗa a gabanmu. Bai ko sauke wayar ba. Ya ce so nake mutane su ce yayan Alhaji ya rasu an bar manyan gari a rana? Ya ce mamaci ba ya tsara wa masu rai zama. Ya ce in koma cikin mata. Na dubi dattawan da ke gefensa, waɗanda dukansu sun ji labarin wasiyyar, kowa ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Tir da wannan tasbaha.

Kafin azahar an rufe gaban gidan ruf. Kanopi a kan bulo, kanopi a kan jan fenti, kujeru har bakin zaure, manyan riguna sun zazzauna. Ta gurbin turakun da aka cire motoci suka shigo suka jeru, ɗaya ta toshe ƙofar zauren kanta, direban ya kulle ya tafi cin abinci da makulli a aljihu. Aka gama suturta Kawu, aka sa shi a makara, masu ɗauka suka iso zaure suka tsaya. Babu hanya. Aka nemi direba, babu shi. Aka ce a kwance rumfa ɗaya, aka ce ai manya na zaune a ciki, ba a tashe su. Gawa kuma ba ta jira. Sai wani ya ce a bi ta baya.

Ƙofar bayan gidanmu ta cikin tsakar gidan mata take, tana fita wani matsattsen lungu inda ruwan wanka ke bi. Aka ce mata su kauce, muka tattara tabarmi muka manne da bango. Makarar ba ta shiga ƙofar a miƙe ba, sai da aka karkata ta, wani ya dafe gawar da hannu kada ta zame. Haka aka fitar da mutumin da bai taɓa zagaya ko teburin mai lemu ba, ta lungu, masu ɗauka na tsallake kwata. Mma na bakin ƙofar ɗakinta a kan kujerarta, a gabanta aka wuce da shi. Ba ta yi kuka ba, idonta dai na kan ƙofar har aka rufe.

Su kuwa na cikin rumfa ba su ma san an fita ba. Suna nan zaune suna shan ruwan sanyi suna faɗin yadda marigayi ya gyara musu hanya, sai da aka aiko daga masallaci cewa za a ta da salla. Ka ga manyan mutane na tattare riguna suna gudu-gudu. Wasu ko raka'ar, ko in ce ko kabbarar farko ba su samu ba.

Rumfunan suka zauna har aka gama sadaka. Da aka kwance su, turakun da aka tumɓuke ba su koma ba, har yau suna jingine a bayan shagon taya. Abin da Kawu ya faɗa kuwa bai ɓata lokaci ba. Masu pragya suka gane gurbin suka mayar da shi tasha. Mai rigunan waya ya kafa teburi, mai gwanjo ya dawo da takalmansa, maƙwabciyar nan mai kuka ta fito da injin markaɗenta. Kawu Ƙarami kuma ya ce yanzu shi ne uban gida, kullum da yamma zai zo ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, motarsa a kan jan fenti daidai ƙofa. Mai koko ce kaɗai ba ta matsar da tukunyarta ko taku ɗaya ba.

Mma ta shiga takaba, ba fita. Kowace la'asar in na kai mata shayi sai ta tambaye ni ko hanyar tana nan. Nakan ce tana nan, Mma, a ƙarƙashinsu. Raina na ɓaci, don na san lissafin da take yi: in ta fito ta tarar a toshe, ko dai a saukar da ita kan kwaltar da ta rantse ba za ta sake taɓawa ba, ko ta koma kallon igiyar shanya har Allah Ya yi ikonSa. Mahaifiyata ma har ta fara lallashinta, wai ta yi haƙuri, tsakar gida ma akwai iska. Ana saura kwanaki kaɗan ta fita, sai ta ce in kawo abin kwance noti. Ta sa na cire ƙararrawar daga mariƙin baya, na ɗaura mata a hannun kujera ta dama, inda yatsanta zai kai.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta sa atamfar da na ɗinka mata da yadin da Kawu ya zaɓa tun yana da rai. Bayan la'asar ta ce in tura ta. Muka bi ta zaure, muka wuce Kawu Ƙarami da abokan hirarsa, muka fito ƙofa. Motarsa na nan, hancinta kusan a cinyar Mma. Na tsaya. Tirotiro na wucewa da hon a ɗaya gefen. Ta ɗora yatsa.

Ƙirrin. Ƙirrin. Ƙirrin.

Mai gyaran rediyo ya leƙo. Masu pragya suka juyo. Mai koko ta miƙe tsaye da ludayi a hannu. Kawu Ƙarami ya fito yana murmushin dole, ya ce haba Yaya, mene ne haka a gaban mutane, ai sai ta bari a ɗan zagaya da ita ta gefen kwalta, taku nawa ne. Mma ba ta ɗaga murya ba.

"An zagaya da mijina ta bayan gida saboda rumfarka," in ji ta. "Ni ba za a zagaya da ni ba."

Ta ci gaba da kaɗawa. Ya dubi abokansa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya laluba aljihu, makullin ya faɗi, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. Ban taɓa jin daɗin ƙarar inji kamar ranar ba.

Allah Ka yi wa Kawu rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka buɗe masa hanyar da babu mai tare ta. Mu kuma da muka rage Ka ba mu kunya, ko kaɗan ce.

Da motar ta ja baya, jan fentin ya fito, duk ya yi baƙi da man inji. Na tsaya ina share hawaye da gefen mayafi. Mma ta waiwayo ta harare ni, irin hararar da Kawu ke yi in ɗinki ya karkace.

"Tura mana," ta ce. "Ga mai teburi can a gaba."